Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Korar Marubuta a Tsakiyar Fim ɗin Heroes

Ran Lahadi 2 ga watan Nuwamba na shekara ta 2008, ana saura kwana biyu a yi zaɓen da ya kai Barack Obama ga shugabancin ƙasar Amurka, hankalin duniya duk ya koma can, sai aka ji cewa gidan telbijin na NBC ya sallami mutum biyu daga cikin manyan masu shirya fim ɗinsa mai dogon zango, wato Heroes. Mutanen su ne Jeph Loeb da Jesse Alexander. Ba su cikin ƴan wasan da jama'a suka saba da fuskokinsu. Suna cikin waɗanda ke zama a ɗaki su yanke wa zai mutu a labari, wa zai rayu, wa kuma zai ci amanar ɗan'uwansa. Tun zango na farko ake tafe da su, kuma su ne na hannun daman Tim Kring, mutumin da ya ƙago fim ɗin. Ranar da aka sallame su, kashi 7 kacal aka nuna daga cikin 25 na zango na uku. Abin da ya biyo baya ya isa a tsaya a dube shi, domin ya nuna iyakar abin da sauya ma'aikata a tsakiyar aiki ke iya gyarawa, da abin da ya riga ya kuɓuce.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, Heroes ya fara fita ran 25 ga watan Satumba na shekara ta 2006, kuma mutum sama da miliyon 14 suka kalli kashin farko a Amurka. Labarin wasu mutane ne talakawan Allah, warwatse cikin duniya, waɗanda suka wayi gari da baiwar da ta wuce ta ɗan Adam. Akwai Hiro Nakamura, ma'aikacin ofis a Japan, mai iya tsayar da lokaci ko ya koma baya cikinsa. Akwai Claire Bennet, ƴar makaranta a jihar Texas, wadda duk raunin da ta ji nan take yake warkewa. Akwai Nathan Petrelli, ɗan siyasa mai tashi sama, da ƙanensa Peter, ma'aikacin jinya, wanda ke kwasar baiwar duk wanda ya kusanta. Akwai Matt Parkman, ɗan sanda mai jin abin da ke zuciyar mutane. Sai kuma Sylar, mai gyaran agogo, wanda ke kashe masu baiwa domin ya gaje abin da suke da shi. Zangon farko mai kashi 23 ya ɗaure su duka da igiya ɗaya: wata fashewa za ta hallaka birnin New York, dole su haɗu su hana ta. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, har ya shiga jerin masu takarar kyautar Emmy ta shekara ta 2007.

Kafin a fahimci abin da korar ta haifar, sai an san yadda ake ƙera irin wannan fim. A tsarin manyan tashoshin Amurka, ba a gama zango kafin a soma nuna shi. Aikin yana tafiya ne kamar ayarin raƙuma, na gaba ya yi nisa, na baya bai tashi daga masauki ba. Marubuta suna zama a zaurensu su tsara tafiyar labari, sannan a ba mutum ɗaya ko biyu su rubuta kashi guda. A tura wa shugabannin tasha su yi gyararsu. A ɗauki hoto, wanda kan ci kwana takwas ko fiye domin samun wasan minti 42 ko 43. Daga nan sai tacewa, da sauti, da kiɗa, da siddabarun kwamfuta wanda ke sa a ga mutum yana shawagi bisa gari. Saboda haka daren da mai kallo yake zaune gaban kashi na bakwai, wani kashin na hannun masu tacewa, wani ana cikin ɗaukarsa, wasu kuma an rubuta su an ajiye. Duk wanda aka kora yau, aikin hannunsa zai ci gaba da fita makonni masu yawa. Duk wanda aka ɗauko yau, sai bayan watanni za a ɗanɗana girkinsa.

Wannan jinkiri ya shafi kowane fim mai dogon zango, amma ya fi tsanani ga na jarumai masu baiwa, saboda dalilai biyu. Na farko, fim ɗin likitoci ko na alƙalai yana jingine da dokokin da kowa ya sani: harsashi na kisa, wanda ya mutu ba ya dawowa. A fim ɗin masu baiwa kuwa, marubuta ne ke kafa dokokin da kansu. Su ne suka san iyakar ƙarfin Peter, su ne suka san abin da ke iya kashe Claire da abin da ba ya iyawa. Mai kallo ya amince ya karɓi ƙaryar cewa mutum na tashi sama, bisa sharaɗin cewa ƙaryar za ta riƙe alkawarinta. Ranar da ya gane cewa dokar na sauyawa duk lokacin da marubuci ya shiga tsaka mai wuya, ya daina jin tsoro a madadin jarumin, kuma in tsoro ya tafi, babu sauran dalilin jiran mako mai zuwa. Dalili na biyu kuɗi ne. Faɗan masu baiwa yana da tsada, ana tsara shi tun da wuri, kuma abin da aka riga aka biya ba a zubar da shi don wani sabon marubuci bai so shi ba.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma matsalar Heroes ta girmi watan Nuwamba na 2008. Zango na biyu, wanda ya fara a watan Satumba na 2007, ya zo da nawa. An jefa Hiro cikin Japan ta ƙarni na 17 ya daɗe can, an shigo da sababbin mutane waɗanda masu kallo ba su shaƙu da su ba, har Tim Kring da kansa ya fito a mujallar Entertainment Weekly a watan Nuwamba na wannan shekara ya amsa laifi. Ana cikin haka sai ƙungiyar marubutan fim ta Amurka ta shiga yajin aiki ran 5 ga Nuwamba na 2007, yajin da ya kai kwana 100, bai ƙare ba sai ran 12 ga Fabrairu na 2008. Zangon ya tsaya a kashi 11. An yi watsi da wani babin labari da aka tsara a kan ɓarkewar wata annoba, an sake ɗaukar ƙarshen zangon domin a rufe wannan ƙofa, an kuma jingine wani ƙaramin fim da aka yi niyyar haifarwa daga cikinsa. Daga 3 ga Disamba na 2007 zuwa 22 ga Satumba na 2008, sama da wata tara, babu sabon kashi ko ɗaya.

Da aka dawo, masu shiri sun so su wanke kansu daga zargin nawa, sai suka faɗa cikin gaggawa. Rabin farko na zango na uku, mai suna Villains, wato Miyagu, ya cika da juyi har ya yi yawa. Uban su Nathan, Arthur Petrelli, wanda aka ce ya mutu, ashe yana raye, ya kuma ƙwace baiwar ɗansa Peter. An gaya wa Sylar cewa shi ma ɗan gidan Petrelli ne, ya tuba, daga baya ta bayyana ƙarya ce, ya koma ruwa. Masanin kimiyya Mohinder Suresh, wanda shi ne mai hankalin fim ɗin, ya yi wa kansa allurar baiwa ya zama dodo. An mayar da tunanin Hiro na yaro ɗan shekara goma. Husufin rana ya ɗauke baiwar kowa, ya wuce, ta dawo. Har Afirka an leƙo, inda aka kawo wani mai ganin gaibu a Botswana, Usutu, aka kashe shi kafin a san shi. Mutum wajen miliyon 10 suka kalli buɗe zangon, daga nan lissafin ya riƙa sauka.

A nan ne NBC ta zare wuƙa. Jaridar Variety, wadda ke bin harkar fim a Amurka, ta ba da dalilai biyu: rashin gamsuwar shugabanni da inda labarin ya dosa, da kuma kashe kuɗi fiye da abin da aka ware, alhali kasafin kowane kashi ya kai wajen dala miliyon 4, wato kimanin miliyar 2 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. Abin lura shi ne wanda aka taɓa da wanda aka bari. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma haka aka yi: an sauke fadawa biyu, Kring ya zauna kan kujerarsa. Shi kuwa Loeb ba baƙo ba ne gare shi, domin sunayensu sun haɗu tun a fim ɗin Teen Wolf Too na shekara ta 1987. Loeb ne kuma gwanin littattafan labarin zane a zauren, wanda ya rubuta shahararrun labaran Batman tare da mai zane Tim Sale, shi Sale ɗin da zanen hannunsa ne ake gani a Heroes a matsayin hotunan da ke faɗin abin da zai faru. Alexander kuma ya zo da gogewar da ya samu a finafinan Alias da Lost.

Mai kallon da ya ji labarin korar ya zauna gaban telbijin ran 10 ga Nuwamba yana sa ran ganin sauyi, bai ga komai ba, kuma ba zai yiwu ya gani ba. Ran 15 ga Disamba, mako shida bayan sallamar, aka nuna kashi na 13 wanda ya rufe babin Miyagu, mai suna Dual. Sunan marubucin da ya fito a allo shi ne Jeph Loeb. A ƙarshen wannan kashi ne Nathan, wanda ya zama sanata, ya je ya tona wa shugaban ƙasa asirin masu baiwa, ya nemi izinin a kama su. Daga wannan ganawa ne rabin zango na biyu, Fugitives, wato Masu Gudun Tsira, ya tsiro, ya kuma fara fita ran 2 ga Fabrairu na 2009. Ke nan hanyar da duk wani sabon marubuci zai bi har ƙarshen zango, an share bakinta ne a kashin da ke ɗauke da sunan mutumin da aka kora.

Sabon hannun da aka ɗauko shi ne Bryan Fuller, kuma dawowa ya yi gidan da ya sani. Yana cikin marubutan zango na farko, shi ne ya rubuta kashi na 17 mai suna Company Man, wanda aka nuna a watan Fabrairu na 2007, wanda kuma masoya fim ɗin da dama ke ɗauka a matsayin mafi kyawunsa. A wannan kashi an bar tsalle daga gari zuwa gari, an tsaya a gida ɗaya a kan tambaya ɗaya: Noah Bennet, wanda aikinsa farautar masu baiwa ne, zai miƙa ƴar riƙonsa Claire ga iyayen gidansa, ko zai sadaukar da kansa? A ƙarshe ya sa aka harbe shi a kan gada, aka kuma shafe tunaninsa, domin kada ko shi ya san inda yarinyar ta nufa. Bayan zangon farko Fuller ya tafi tashar ABC ya kafa nasa fim, Pushing Daisies. A cikin watan Nuwamba na 2008 ABC ta ƙi ƙara masa wa'adi, a watan Disamba aka sanar da komawarsa Heroes. Ya bayyana wa manema labarai cewa labarin ya cunkushe, ya kamata a mayar da shi kan mutanen da ke cikinsa da rayuwarsu.

Kashin da ya rubuta, Cold Snap, shi ne na 20, an nuna shi ran 23 ga Maris na 2009, wata huɗu da mako uku bayan korar. Tsakaninsa da ranar korar an nuna kashi 12. Duk wanda ya kalle shi ya ga aikin mai shara da mai ɗinki a lokaci guda. An bayyana cewa ɓoyayyen mai taimakon ƴan gudun tsira yaron nan ne Micah, wanda aka daɗe da mantawa da shi. Tracy Strauss, mai daskarar da duk abin da ta taɓa, wadda son kanta ya yi mata yawa, ta ba da kanta domin yaron ya tsira. Daphne, yarinya mai gudun walƙiya, ta cika a gadon asibiti, Matt Parkman kuma ya shiga tunaninta ya raka ta da mafarkin birnin Paris. Angela Petrelli, uwar gida mai izza da kowa ke shakka, ta koma tana yawo cikin ruwan sama tana neman taimako wurin tsohuwar ƙawarta, wadda Swoosie Kurtz, ƴar wasan da Fuller ya yi aiki da ita a Pushing Daisies, ta fito a matsayinta. Masu sharhi da yawa sun yaba, suka ce an ji ƙamshin zangon farko.

Amma yabon masu sharhi bai dawo da waɗanda suka tashi ba. Ran 27 ga Afrilu na 2009, da aka rufe zangon, masu kallo ba su kai miliyon 7 ba. Kashin rufewar ma ya koma gidan jiya: Sylar ya kashe Nathan, sai aka shafe tunanin Sylar aka sa ya ɗauka shi ne Nathan, domin kada a rasa ko ɗaya daga cikin ƴan wasan biyu. A watan Yuni Fuller ya sake barin fim ɗin ya kama wasu ayyuka. Zango na huɗu ya ƙare ran 8 ga Fabrairu na 2010 gaban mutum ƙasa da miliyon 5, a watan Mayu kuma NBC ta rufe shi. An gwada farfaɗo da shi a 2015 da sunan Heroes Reborn, ya yi kashi 13 ya tsaya.

Daga wannan tarihi ana iya ware abin da sabon hannu ke iyawa a tsakiyar zango. Yana iya gyara bakin ƴan wasa, ya rage cunkoso, ya sallami mutanen da labari ya gama da su sallama mai mutunci, ya tuno da waɗanda aka manta. Fuller ya yi duk wannan cikin dare ɗaya. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne abin da aka riga aka nuna. Ba zai ce wa miliyoyin mutane su manta cewa Mohinder ya zama dodo ba, ba zai kuma soke kwangilar ƴan wasa ba, ballantana ya dawo da kuɗin da aka kashe. Fim mai labari ɗaya dogo yana da wata illa kuma: wanda ya bar kallo a kashi na 9 ba ya iya faɗowa a kashi na 20 ya gane inda aka kwana. Gyaran ya tarar da waɗanda suka jure kawai. Waɗanda aka yi shi dominsu sun riga sun kama wata tashar a daren Litinin.

Shekara 15 bayan haka an ga ɗaya fuskar al'amarin, kuma abin mamaki, akwai zaren da ya haɗa su. Loeb da aka kora ya zama shugaban sashen telbijin na kampanin Marvel a 2010, a ƙarƙashinsa kuma aka yi fim ɗin Daredevil, labarin lauya makaho mai yaƙi da ɓarayi da dare, wanda Netflix ta nuna daga 2015 zuwa 2018. A watan Maris na 2023, bayan Loeb ya bar kujerar, Marvel ta fara ɗaukar ci gabansa mai suna Daredevil: Born Again, da niyyar kashi 18. Wani yajin aikin marubuta ya tsayar da aikin a watan Yuni. Shugabanni suka yi amfani da hutun suka kalli abin da aka ɗauka, bai gamshe su ba, suka sallami manyan marubutan biyu, Matt Corman da Chris Ord, suka ɗauko Dario Scardapane. Shi kuwa ya samu abin da Fuller bai samu ba: ko minti ɗaya ba a nuna wa kowa ba. Ya rubuta sabon kashin farko, aka ƙara sababbi biyu a ƙarshe, aka riƙe shida na tsakiya da gyare-gyare, aka dawo da abokan jarumin biyu, Karen Page da Foggy Nelson, waɗanda tsarin farko ya ajiye gefe. Fim ɗin bai fita ba sai ran 4 ga Maris na 2025 a Disney+. Duk da wannan sarari, masu sharhi da dama sun ce ana ganin wurin ɗinki tsakanin tsohon ƙyalle da sabo.

In har fim ɗin da aka ba shekara guda da ɗoriya a gyara shi a ɓoye bai iya ɓoye ɗinkinsa ba, to ina ga wanda aka taɓa alhali kowace Litinin sai ya fita? Shugabannin tasha kan so korar da ake yi da rana tsaka, domin tana nuna wa masu talla da ƴan jarida cewa an ɗauki mataki, kuma wani lokaci tana zama dole. Sai dai ranar da ake yanke makomar zango ita ce ranar da marubuta suka zauna suka zana tafiyarsa, tun kafin a kunna na'urar ɗaukar hoto. Ga Heroes, wannan rana ta wuce tun cikin watannin da suka biyo bayan yajin aikin 2008. Mai kallo kuma, kafin ya jefi marubucin da ya zo ko ya yi wa wanda ya tafi dariya, ya kyautu ya tambayi kansa yaushe aka rubuta abin da yake kallo, kuma wa ke zaune a zauren ranar.